Wasiƙa zuwa Damagaram a kan wasali ɗaya

Zariya.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da kai da uwargida da yara. Yaya zafin Damagaram? Mu nan sai godiya.

Saƙonka ya iso. Ka ce da ka shigo Kano sarin littattafan rubutu ka ga shaguna biyu suna kallon juna, allon ɗaya an rubuta stationary, na ɗayan stationery, alhali kayansu iri ɗaya ne, biro da takarda da ambulan. Kana so ka san wanne za ka sa a rasit ɗin da kake bai wa abokan cinikinka na Nijeriya. Ka sa mai e, wato stationery. Mai shagon da ya rubuta da a, abin da allonsa yake faɗa wa jama'a shi ne yana nan tsaye ba ya motsi. To, ba ƙarya ya yi ba, sai dai ba abin da ya biya mai fenti ya rubuta masa ke nan ba.

Kada ka ga laifinsa da yawa. Baturen Ingila kansa idan ya furta su ba ka jin wani bambanci, kuma asalinsu ɗaya ne. A harshen Latin akwai aikatau stare, ma'anarsa tsayawa. Daga shi aka sami statio, wurin tsayawa, kamar inda soja yake gadi ko inda jirgin ruwa yake yada zango. Ita ce ta zama station a Turanci, mu kuma muka karɓa muka mayar da ita tasha. Ka ga ashe duk ranar da ka je tashar mota Latin kake yi ba ka sani ba. Daga statio ɗin Rumawa suka ƙera stationarius, suna kiran sojan da aka girke wuri ɗaya yana tsaron hanya da wannan suna.

Ta farko, mai a, ba ta yi nisa da gida ba. Sifa ce, tana nufin abin da yake tsaye cak. Masana taurari na cikin waɗanda suka fara amfani da ita a Turanci, saboda akwai lokacin da irin su Zara sukan yi kamar sun tsaya a sararin sama kafin su juya. Yau za ka ji ta a rahoton haɗarin hanya, idan mota ta afka wa tirelar da take tsaye. Tana nan kuma cikin geostationary, sunan tauraron ɗan'adam da yake can sama wajen kilomita 36,000, yana zagaye daidai da juyawar ƙasa har ka ɗauka ba ya motsi. Shi ya sa kwanon kama tashoshin talabijin da ke kan rufinka sau ɗaya ake saita shi a bar shi. Ku da kuka yi karatu da Faransanci kuna da ita, stationnaire.

Ta biyun ce mai labari. A Turai ta zamanin da yawancin 'yan kasuwa yawo suke yi, yau wannan kasuwa gobe waccan, kamar 'yan kolinmu. Amma da jami'o'i suka kafu a Bolonya da Faris da Oksfod, sai aka buƙaci mai littattafan da ɗalibi zai same shi kullum a wuri ɗaya. Shi aka laƙaba wa tsohon sunan nan, stationarius, wato mai rumfar da ba ya tashi. Ka tuna ba injin ɗab'i a lokacin, kowane littafi da hannu ake kwafarsa. A ƙarni na 13, a Faris da Bolonya, jami'a takan duba kwafin littafi ta tabbatar da ingancinsa, sannan ta bar shi a hannun mai rumfar ba a ɗinke ba, kashi-kashi. Ɗalibi ya biya kuɗin da jami'a ta yanka, ya ari kashi ɗaya ya je ya kwafa, ya dawo da shi ya karɓi na gaba. Ta haka mutane da yawa suke kwafar littafi ɗaya a lokaci guda. Ni dai wannan dabara tana burge ni ƙwarai. Wanda kuwa yake ba da hayar littafi don a kwafa, ai dole ya ajiye fatar rubutu da tawada da alƙalami, tunda duk wanda ya zo wurinsa su zai nema.

Turawan Ingila suka gajarta sunan ya koma stationer. A 1403 masu wannan sana'a a Landan, da masu kwafar littafi da masu ƙawata shafi da masu ɗinkin littafi, suka kafa ƙungiyarsu. Injin ɗab'i ya shigo Ingila a 1476 ta hannun William Caxton, kuma a 1557, zamanin Sarauniya Mary, aka ba ƙungiyar takardar izini ta sarauta wadda ta sa harkar ɗab'in ƙasar kusan gaba ɗaya a hannunta. Mai son buga littafi sai ya shigar da sunan littafin a rajistarsu, kuma daga wannan al'ada dokar haƙƙin mallaka ta 1710 ta tsiro. Sannu a hankali sana'ar ta rarrabu, mai bugawa daban, mai sayar da littafi daban, aka bar wa mai takarda da tawada tsohon sunan.

Nan e ɗin ta fito. Kayan da stationer yake sayarwa su ne stationery, kamar yadda aka sami bakery daga baker, grocery daga grocer. Saboda haka suna ce, ba sifa ba. Har gwamnatin Birtaniya ta buɗe ofishi da wannan suna a 1786 don sama wa ma'aikatunta kayan rubutu. Faransawa ba su bi wannan hanya ba, suka ce papeterie daga sunan takarda, shi ya sa ruɗanin bai taɓa samunka ba sai da ka tsallako iyaka.

Malaman makaranta sukan ce wa yara su tuna e ta envelope, tunda ambulan kayan rubutu ne. Dabarar tana aiki, amma na fi son mutum ya tuna da stationer ɗin kansa, don wanda ya san daga sunan mai sana'ar aka ciro kalmar ba zai sake shakka ba. Abu ɗaya kuma da zan ja kunnenka a kai: kada ka yi mata jam'i. A nan za ka ga stationeries a alluna da takardun kwangila ko'ina, har ido ya saba, amma a daidaitaccen Turanci ba a ƙirga ta, kamar furniture. Kuma kada ka dogara da kwamfuta ta gyara maka, domin duka biyun kalmomi ne na gaskiya, ba lalle ta ja wa ko ɗaya jan layi ba.

Idan mai buga rasit ɗin ya kawo samfuri, ka ɗauki hotonsa ka turo mini ta WhatsApp kafin ya buga da yawa. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina yi mata fatan ƙarin sauƙi. Mutanen gida duk suna gaishe ka, suna tambayar yaushe za ka biyo ta Zariya.

Wassalam.

Naka,
Amininka