Ba a Kan Malala Aka Fara Karatun Mata a Swat Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, na rubuto ne a kan maganar da baƙonku ya yi a shirin ranar Laraba. Wai mutanen kwarin Swat da ke arewacin Pakistan ba su san ɗiya mace ta je makaranta ba sai da aka harbi Malala, wai mutanen duwatsu ne da suka gaji ƙin karatu kaka da kakanni. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai gabatarwa ya amsa masa, ya wuce zuwa tambaya ta gaba kamar an faɗi abin da kowa ya sani. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ba a littafi na fara sanin haka ba.

Ni 'yar Swat ce ta koya mini lissafi. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da gwamnatocin jihohin Arewa ke ɗauko malamai daga Indiya da Pakistan da Masar, aka kawo ta kwalejin horon malamai mata da na yi, mijinta kuma yana koyar da kimiyya a makarantar maza da ke cikin gari. Gajeriyar mace ce, kullum da mayafi a kanta, ba ta ɗaga murya, amma idan ta juya ga allo da alli a hannu ajin nan tsit yake yi. Ita ce ta zaunar da ni bayan an tashi, ta yi ta maimaita mini aljabara har ta shiga kaina, ni da na riga na yanke wa kaina hukuncin cewa lissafi ba na mata ba ne. A lokacin mahaifin Malala kansa yaro ne. To a ina ita ta yi nata karatun, in da gaske ne abin da baƙonku ya faɗa? A Saidu Sharif ta yi shi, babban birnin Swat, a makarantar mata ta gwamnati, ba tare da ubanta ya biya ko sisi ba, daga nan ta wuce jami'a a Peshawar.

Da baƙon naku ya ɗan bincika, da ya ga cewa Swat ƙasa ce mai sarkinta har zuwa 1969. Miangul Abdul Wadud, jikan babban shehin nan da suke kira Saidu Baba, shi aka naɗa a 1917, Turawan Ingila suka amince da sarautarsa a 1926. Shi kansa bai yi karatun zamani ba, amma a zamaninsa aka buɗe makarantar firamare ta farko a Saidu Sharif a 1922, ta mata kuma ta biyo baya tun cikin waɗannan shekaru na 1920. Shi ne ya kashe tsohuwar al'adar ƙabilar Yusufzai ta sake rabon ƙasa bayan 'yan shekaru, wadda take sa ƙauye guda ya kwashe kayansa ya koma wani wuri. Malamarmu ta ce kakanta ba ya dasa itace saboda ya san ba shi zai ci 'ya'yansa ba. Mutumin da bai san inda zai kwana bayan shekara goma ba, ina zai gina aji? Sai da kowa ya san gonarsa sannan makaranta ta sami gindin zama. Ɗansa Miangul Jahanzeb, wanda suke kira Wali, ya karɓi mulki a 1949, ya buɗe Kwalejin Jahanzeb a 1952, ya baza makarantu da asibitoci da hanyoyi cikin ƙauyuka. Har Sarauniyar Ingila ta ziyarce shi a 1961. Ba waliyyi ba ne, malamarmu ba ta ɓoye mana cewa ba a ja da shi ba, wanda ya ja kuwa sai ya bar ƙasar. Amma ko maƙiyansa ba su taɓa cewa bai gina makarantu ba.

Malam Edita, ko da ba ku san wannan tarihi ba, ai labarin da kuka bayar da kanku ya isa ya ƙaryata baƙon. Kun ce 'yan Taliban sun hana 'yan mata zuwa makaranta daga 15 ga Janairun 2009, kun ce sun rusa ɗaruruwan makarantu. Wa ke hana abin da ba a yi? Wa ke sa bam a ginin da babu shi? Makarantun nan da suka farfasa mutanen Swat ne suka cika su da 'ya'yansu shekara da shekaru. Mahaifin Malala ma makaranta gare shi a garin Mingora da ke kwarin, 'yan mata cike da azuzuwa, iyayensu na biyan kuɗi daga aljihunsu. Yadda mai gabatarwa ya karanta waɗannan abubuwa biyu cikin shiri ɗaya bai ji suna karo da juna ba, shi ne abin da na kasa ganewa.

Allah ya nufe ni da ganin wurin da idona kafin fitinar Taliban, lokacin da ɗana ke karatu a Islamabad. Malamarmu ta riga ta koma gida ta yi ritaya, muna musayar wasiƙa, ta ce in na shigo Pakistan ban zo na gaishe ta ba, ba ta yafe ba. Muka bi ta Mardan, muka hau mashigar Malakand, motar na kewaya dutse ina salati, sai ga kwari ya buɗe a gabanmu: kogi a tsakiya, gonakin shinkafa da masara a gefe, lambunan tuffa, tsaunuka hagu da dama. Baƙonku ya yi ta maganar wurin kamar wani fako ne a bakin iyakar Afghanistan. Swat ba ta ma haɗa iyaka da Afghanistan ba, Dir da Chitral ne a tsakaninsu. Da safe na tsaya a ƙofar gidan a Mingora, 'yan mata na wucewa rukuni-rukuni da kayan makaranta da jakunkuna a baya, wasu a ƙasa, wasu cunkushe a bayan ƙananan motoci. Jikokin malamarmu mata suna cikinsu, ɗaya ma burinta ta shiga kwalejin likitanci da ke Saidu Sharif. Suka kai ni gidan tarihi na Swat da kufan Butkara, inda masana daga Italiya suka fara haƙa a shekarun 1950, suka nuna mini Barikot da rundunar Iskandar ta ci da yaƙi shekara 327 kafin haihuwar Annabi Isa, da tsohon masallacin Udegram na ƙarni na 11. Yaran nan suna zayyano mini tarihin garinsu da Turanci mai kyau, ni tsohuwar malama ina saurare.

Ba zan ce muku kowace yarinya a Swat tana makaranta ba. Mun hau sama ta Madyan da Bahrain har Kalam, tafiyar kusan kilomita 100 daga Mingora, inda garin ke kan tudu na kusan mita 2,000, ga dutsen Falak Sar mai tsawon mita 5,918 da ƙanƙara a kansa ko da bazara. A can na ga 'yan mata da yawa a gida da rana tsaka, kuma na tambaya, don tambaya aikina ne. Amsar da iyayen suka ba ni ba ta shafi ƙin karatu ba. Makarantar firamare tana nan, amma ta gaba da ita tana wani gari can ƙetaren kogi, gadar kuwa ta katako ce da ruwa ke ɗauka in ya cika. Dusar ƙanƙara kan toshe hanya, shi ya sa makarantun can sama ke dogon hutu daga ƙarshen Disamba har ƙarshen Fabrairu. Malamai mata daga ƙasa ba sa son a tura su can, uba kuma ba ya son namiji ya koya wa budurwar 'yarsa. Sannan mutanen sama da yawansu ba Pashtun ba ne kamar mutanen ƙasan kwarin: 'yan Bahrain Torwali suke yi, 'yan Kalam Gawri, yaro ya shiga aji ya tarar da littafi cikin Urdu, malami kuma yana magana da Pashto. Ga Gujjar makiyaya da ke hawa da dabbobinsu in zafi ya yi, su sauko in sanyi ya kama, da yaransu duka. Ni da na yi shekaru ina yawon ƙauyuka da rugage neman a ba ni yara, waɗannan amsoshi ba baƙi ba ne a kunnena. Matsalar gada ce da malami da nisa da talauci. Wannan shi ne shirin da ya kamata ku yi, kuma da kun yi shi da mutanenmu sun ƙaru.

Ita ma fitinar ba daga sama ta faɗo ba, kuma baƙon bai ce uffan a kan tushenta ba. Zamanin Wali shari'a kan ƙare cikin ɗan lokaci. Bayan an haɗe Swat da Pakistan a 1969, sai ƙarar gona ta riƙa shekara da shekaru a kotu, talaka ya sayar da rabin gonar don ya kare rabi. Wannan ƙorafi ne wani malamin addini, Sufi Muhammad, ya hau kai ya tayar da tarzoma a 1994, surukinsa Fazlullah kuma ya zo daga baya da rediyon FM, yana wa'azi dare da rana, har mata suka riƙa kai masa zinarensu. Ku da kuke aikin rediyo ya kamata ku fi kowa sanin abin da murya ke yi in ta shiga ɗaki. Da mutane suka farga, bindiga ta riga ta shigo gari a 2007. Da sojoji suka shiga a watan Mayun 2009, kimanin mutum miliyan biyu suka bar gidajensu a yankin. Malamarmu, da tsufanta, tana cikinsu. Na same ta a waya tana gidan wasu mutane a Mardan da ba ta taɓa sani ba, sun ba su ɗaki sun raba abinci da su. Ba gidanta ta fara yi mini kuka a kai ba, jarrabawar jikarta ce da ta wuce. Suna komawa, ambaliyar 2010 ta zo ta kwashe gadojin kwarin. Duk da haka aka buɗe Jami'ar Swat a wannan shekarar, yara suka yi karatu a tantuna kafin a sake gini. A watan Oktoban 2022, da aka harbi motar 'yan makaranta aka kashe direba, dubban mutane ne suka cika titunan Mingora suna cewa ba za su yarda a mayar da su baya ba. Waɗannan ne mutanen da kuka bari a kira maƙiya karatu.

Kada a ɗauka ina rage wa Malala daraja. Yarinyar da aka harba a kai ranar 9 ga Oktoban 2012 saboda ta ƙi yin shiru, ta tashi ta ci gaba da magana, har ta zo Abuja a 2014 kan 'yan matan Chibok, ba ni ce zan raina ta ba. Amma a cikin motar nan ba ita kaɗai ba ce, Kainat Riaz da Shazia Ramzan ma harsashi ya same su, sauran kujerun kuma duk ɗalibai mata ne da iyayensu suka tura. Ita 'yar wannan al'ada ce, ba ita ta kawo ta ba. Mu da ranmu ke ɓaci in wani daga waje ya ce 'yan Arewa ba sa son ilimi saboda Boko Haram, kamar ba a taɓa yin Nana Asma'u ba, bai dace mu yi wa wasu irin wannan ba, kuma da harshenmu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ke sauraro. Akwai magidanta a ƙauyukanmu da rediyo ba ta barin kafaɗarsu. Mutum irin wannan in ya ji cewa Musulmi a wata ƙasa sun ƙi kai 'ya'yansu mata makaranta tun asali, sai daga baya Turawa suka ɗaure wa wata yarinya gindi, hujja kuka ba shi. Na sha zama a zaure ina roƙon uba ya bar 'yarsa ta gama aji shida, na san irin maganar da suke kafa hujja da ita. Da kun gaya masa cewa jikan shehi ne ya fara gina makarantar mata a can shekara kusan ɗari da ta wuce, da kun ba ni abin da zan shiga zaure da shi.

Ina roƙo ku gyara wannan magana a cikin shirin, da bakin mai gabatarwa, ba a ƙasan shafinku na intanet inda masu rediyo ba za su gani ba. In za ku sake tattauna Swat, ku nemo wanda ya je, akwai 'yan ƙasarmu da dama da suka yi karatu a Peshawar da Islamabad.

Sai kuma wani abu da na daɗe ina son faɗa. Kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin magana ya yi yawa. Mu da kunne ya fara nauyi sai mun manna rediyo a kunci, kuma duk da haka rabin abin da ake faɗa ganga ke cinyewa, musamman in baƙo ta waya yake magana. Maimaicin shirin kuma kun mayar da shi daidai lokacin sallar Magariba. Don Allah a duba, a rage kiɗan, a mayar da maimaicin bayan Isha'i kamar da.

Wassalam.

Taku mai sauraro,
tsohuwar malamar makaranta, daga Zariya