Ziyarar Matasa Tsakanin Al'ummomin da Ke Gaba da Juna: Abin Koyi Daga Ireland ta Arewa

Ya Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in jawo hankalin iyaye da malamai da shugabannin addini na ƙasar Zazzau kan wata dabara da aka jarraba a wata ƙasa mai nisa.

A Ireland ta Arewa, yankin da ke ƙarƙashin Birtaniya, an shafe kusan shekara 30 ana zubar da jini, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1998, kuma fiye da mutum 3,500 suka rasa rayukansu. Masu rikicin duk Kiristoci ne masu magana da harshe ɗaya, amma sun rabu gida biyu: 'yan Katolika, waɗanda akasarinsu ke son haɗewa da Jamhuriyar Ireland, da 'yan Furotesta, waɗanda akasarinsu ke son ci gaba da zama da Birtaniya. Tushen rigimar mulki ne da rabon aiki da gidaje da ƙuri'a, sai dai sunan ɗarika ya zama tambarin gane abokin gaba. A Belfast, babban birnin yankin, tun daga 1969 aka fara gina katangu tsakanin unguwanni, kamar wadda ta raba Falls da Shankill, har ta kai yaro yakan tashi ya gama makaranta bai taɓa zama inuwa ɗaya da ɗan ɗaya ɓangaren ba.

A 1975 wani limamin cocin Anglika, Kerry Waterstone, ya kafa shirin Ulster Project, wanda ke ɗaukar matasa 'yan shekara 14 zuwa 16, rabi Katolika rabi Furotesta, ya kai su Amurka su yi wata guda a gidajen jama'a. Tafiyar takan faɗo a Yuli, watan da hankula ke tashi a gida saboda jerin gwanon da 'yan Furotesta ke yi na tunawa da nasarar da ɓangarensu ya yi a kan na Katolika a yaƙin 1690. A can yaran kan yi aikin gayya tare, su leƙa majami'un juna, su zauna su faɗi abin da aka gaya musu a gida game da juna. A shekarar ce kuma wani ɗan sandan New York, Denis Mulcahy, ya fara shirin Project Children da yara shida kacal, kafin shekara 40 kuwa ya kai yara fiye da 20,000.

Ba na cewa ziyarar yara ce ta kashe wutar. Yarjejeniyar da 'yan siyasa suka sa wa hannu ranar 10 ga Afrilu, 1998 ita ta tsayar da bindiga, kuma har yau wasu katangun suna tsaye, yawancin yara ma makarantunsu daban-daban ne. Abin da ziyarar ta yi shi ne samar da dubban mutane da idan aka ce musu "waɗancan mugaye ne", fuskar wani aboki da suka ci abinci kwano ɗaya za ta faɗo musu a rai. Mai irin wannan tunani yana da wuyar ingizawa ya ɗauki makami.

Mu nan Zariya ba baƙi ba ne ga wannan ciwo. Wutar da ta tashi a Kafanchan a 1987 ta iso mana, an yi Zangon Kataf a 1992, an yi Kaduna a 2000 da 2002, sannan rikicin bayan zaɓen 2011 ya ƙara nesanta mu. Yau kogin Kaduna yana yin aikin da katangar Belfast ke yi, kowa ya san tsallaken da yake kwana. Na koyar a sakandare shekaru da yawa, kuma ba zan manta da wani ɗalibina ɗan cikin Birni ba, yaro mai hankali da ladabi, wanda ya gaya mini cewa bai taɓa shiga gidan Kirista ba, alhali Wusasa ba ta da wani nisa da ƙofar gidansu. Wusasar da akan sami Musulmi da Kirista 'yan kaka ɗaya! Na tabbata a Kagoro da Zonkwa akwai takwarorinsa da ba su taɓa ganin yadda ake buɗa baki a gidan Musulmi ba, kuma irin waɗannan yara su ake fara turawa gaba ranar da ƙura ta tashi.

Wani zai ce ai muna da shirin yi wa ƙasa hidima da Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya tashi, ya kafa a 1973. Gaskiya ne, kuma ya yi amfani. Amma shirin na waɗanda suka gama jami'a ne ko makamanciyarta, lokacin da icce ya riga ya bushe, kuma bai taɓa isa ga yaron makanike ko almajiri ko ɗan acaɓa ba. Hikimar Waterstone ita ce zaɓen shekarun da zuciya ba ta gama sandarewa ba, da kuma sauke yaro a gida maimakon masauki.

Ba mu da kuɗin jirgi zuwa Amurka, ba ma buƙatarsa. Motar haya daga Zariya zuwa Kafanchan ta isa. A lokacin dogon hutu a zaɓi yara ashirin daga nan da ashirin daga kudancin jihar, waɗannan su sauka a gidajen iyayen waɗancan na mako biyu, sannan a juya. Na san abin da iyaye za su ji tsoro, domin ni ma uba ne: kada a taɓa wa yaro addini, kada a ba shi abin da bai halatta gare shi ba, kada 'ya mace ta shiga hannun da ba a sani ba. Waɗannan tsoro ne na gaskiya, kuma maganinsu sharaɗi a rubuce: ba wa'azi, kowane yaro a kai shi wurin ibadarsa a kan lokaci, 'yan mata su tafi da malama mai kula da su, liman da fasto na kowace unguwa su tsaya wa gidan da za a sauki baƙo. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke gaba da juna, sun nuna tun 1995 cewa ana iya wannan aiki ba tare da kowa ya saki aƙidarsa ba.

Abin da ya fi wuya shi ne dawowa gida, inda abokai za su yi wa yaro gori cewa ya kwana wajen arna ko wajen 'yan ta'adda. Saboda haka dole a ci gaba da haɗa yaran bayan tafiya, ko da a filin ƙwallo ne ko gyaran wata makarantar firamare.

Ina roƙon Masarautar Zazzau da Jama'atu Nasril Islam da Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya reshen Zariya su zauna su duba wannan shawara kafin hutun Agusta mai zuwa. Idan aka fara, gidana a buɗe yake ga yara biyu.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.