Barka da Sallah daga Landan

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah, kai da Inna da duk mutanen gida. Allah ya maimaita mana. Mu nan an yi idi ana yayyafi, da sallamewa kowa ya nufi bakin aikinsa. Ba ƙamshin suya, ba yawon Sallah. Kuɗin rago na tura ta hannun Yaya, ina fata ba su makara ba.

Baba, wani abu na tsinta da na san zai tuna maka da Kaka. Kwanakin baya na shiga kasuwar Portobello, inda ake sayar da tsofaffin kaya, ina juya wasu takardu a tebur ɗin wani dattijo, sai idona ya faɗa kan kalmar Bisichi. Na ce ikon Allah, Bisichin da na sani ta wajen Bukuru? Ashe takardar hannun jari ce ta kamfanin haƙar kuza da aka kafa a nan Landan a 1910. Gefenta duk ado, ga hatimi, ga sunan mai ita da yawan jarinsa da rubutun hannu. Yanzu ba ta ba kowa riba, masu sha'awar tarihi ne kawai ke tara irinta. Ban ko yi ciniki ba, na biya.

Tun daga ranar abin ya shiga raina. Na samu takardar kamfanin Naraguta, na samu ta Rayfield, ina neman ta Ropp. Lokacin da kuzar Jos ta yi tashe a kasuwar hannun jari ta nan, kamfanoni sun yi ta fitowa kamar farar kaka, wasu ma ba su daɗe ba suka mutu, takardunsu kaɗai suka rage. Mutanen da ba su taɓa jin sanyin Filato ba suna zaune suna jiran riba, layin dogo kuwa ya taso daga Zariya ya isa Bukuru a 1914 don kwaso musu kayan. Alhali tun kafin zuwan Bature maƙeran Ririwai suna narka kuza. Shi kamfanin Bisichi har gobe yana nan, sai dai ya koma haƙar kwal a Afirka ta Kudu.

Abin da ke tsaya mini a rai shi ne, duk takardun nan ba sunan lebura ko ɗaya. Nakan baje su da dare in tuna yadda kake ba mu labarin Kaka da kwano a ka, daga rami zuwa wurin wanki, helma na tsaye yana ƙirga. Da kuma zancen diban gwamna, bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, aka rasa kuzar can, aka riƙa kwaso mutane daga ƙauyuka ana kai su barikin kuza ba da son ransu ba. Sanyi da yunwa sun ci da yawa. Su masu jari takarda ta rage musu, mu kuwa tafkunan nan na ramukan kuza da kake hana mu wanka a ciki.

Don Allah Baba, idan hidimar Sallah ta lafa, ka sa Auta ya ɗauki muryarka ta WhatsApp. Wane bariki Kaka ya zauna, Dorowa ko Barikin Ladi? Wane kamfani ya yi wa aiki? In na san sunan, takardarsa zan nema, in zo da ita.

A gaida Kawu da jiki. A ce wa Inna ta ajiye mini soyayyen nama a kwalla.

Ɗanku.