Barka da Sallah daga garin magina tukwane

Assalamu alaikum, Inna.

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kun yi Sallah lafiya, ke da Baba da su Goggo da yaran gida duka. Yaya ya ce kuɗin layya sun iso a kan lokaci har an samu rago mai kyau, alhamdu lillahi. Auta, kai ne mai karatu, to ka bi a hankali, kada ka tsallake mata komai.

Mu nan mun yi Idi a masallacin unguwa, ana yayyafi. Ba a yanka a ƙofar gida a Ingila, sai dai mutum ya ba mahauci kuɗi, ya koma ya karɓo namansa a leda. Babu ƙaurin babbakar kai da ƙafa, babu suya a tsakar gida. Da na dawo ɗaki, ke na yi ta tunawa, kuma akwai maganar da na daɗe ina son yi miki.

Inna, garin nan da nake zaune, Stoke-on-Trent a yankin Staffordshire, garin magina tukwane ne. Ƙananan garuruwa shida aka haɗe a 1910 suka zama ɗaya, irin su Burslem da Hanley da Longton. Allah ya ajiye musu yumɓu da kwal a ƙasa guda, shi ya sa sana'ar ta zauna a nan.

A gidan tsofaffin da nake aiki akwai wata dattijuwa da ta ƙare ƙuruciyarta tana zana furanni a bakin faranti. Duk ranar da aka kawo mata shayi a sabon kofi, ba ta kai shi baki sai ta ɗaga ta leƙa gindinsa, ta ga tambarin waɗanda suka yi. Ashe ɗabi'ar 'yan garin ce. Na ce mata uwata ma takan ƙwanƙwasa randa da yatsa ta saurari ƙararta kafin ta yarda ta gasu. Tun daga ranar muka saba. Ita ta matsa mini in je Longton in ga tsohuwar masana'antar Gladstone da aka mayar gidan tarihi.

Na je, na shiga cikin matoyarsu da ƙafata. Ginin bulo ne dogo, ciki mai faɗi, wuya siriri. Su kwalba suke kwatanta shi da ita, ni kuwa tulu na gani. A da dubbai ne a garin, hayaƙinsu yana rufe rana, yanzu 47 suka rage. Ba a sa kayan tangaran cikin wuta haka kawai, sai an jera su a wasu manyan kasake na yumɓu don kada hayaƙi ya ɓata su. Maza ke ɗaukar kasaken a ka, su hau tsani, su jera ɗaya bisa ɗaya har sama. Kin san me suke sawa a cikin hula? Gammo, Inna. Gammon tsumma irin namu. Na daɗe tsaye a gaban hoton nan.

Idan an jera sai a toshe ƙofa da bulo da laka, a hura kwal kwana biyu zuwa uku. Mai kula da wutar ba ya runtsawa. Ta ƙananan ramuka yake leƙe, yana zaro 'yan guntaye na gwaji, idonsa ne ma'auni. In ya yi kuskure, aikin mutane da yawa ya tafi. Sai na tuna yadda ba kya barin kowa ya yi miki magana daren tuya, kina zagaya tulin kara kina duban iska. Bayan dokar hana hayaƙi ta 1956 aka koma gas da lantarki, kuma a 1978 aka hura irin wannan matoyar da kwal karo na ƙarshe.

Ga wani abu da ya dace da yau. Tangaran ɗinsu mafi tsada, wanda haske ke ratsawa in an ɗaga shi, kusan rabinsa tokar ƙashin shanu ce. Gidan Spode ne suka daidaita haɗin a shekarun 1790. Ƙashin da za ku watsar gobe bayan an gama farfesu, da irinsa ake yin kofin sarakuna.

Babban sunan da ke bakin kowa shi ne Josiah Wedgwood, haifaffen Burslem a 1730, ɗan gidan magina. Agana ta lalata masa gwiwa tun yana yaro, ya kasa juya injin gini da ƙafa, daga baya ma aka yanke ƙafar. Sai ya koma gwaje-gwajen yumɓu da launi. Shi ya tsaya kai da fata aka haƙa hanyar ruwa tsakanin kogin Trent da Mersey, aka gama a 1777, domin kayan da ake ɗorawa a bayan dawaki suna fashewa a hanya. Ke da kika sha asarar tukwane a bayan jaki ba sai na yi miki bayani ba.

Amma an sha wuya. Masu tsoma faranti a ruwan ƙyalli, dalma ta shanye musu hannu. Ƙurar dutsen da ake niƙawa ta cinye huhun wasu tun ba su tsufa ba. Yara 'yan shekara bakwai da takwas suna wuni a guje da kaya tsakanin ɗakin gini mai sanyi da ɗakin shanya mai zafi. Dattijuwar ta ce tarin mahaifinta ne abin da ta fara sani a duniya. Hannunta yana rawa yanzu, amma in ta riƙe cokali, riƙon buroshi take yi masa.

Na nuna mata takardar naira ashirin, na ce wannan Ladi Kwali ce, maginiya daga ƙasarmu, wadda ta yi aiki da Baturen nan Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu. Ta riƙe takardar ta ƙi saki.

Inna, ki yafe mini. Ina makarantar sakandare, in na hango ki ranar kasuwa da tukwane a ka, canza hanya nake yi don kada abokaina su gani. Da kuɗin tukwanen nan aka saya mini littattafai. Yau da na yi sallar Idi, wannan na fara roƙa wa gafara.

Na ji an ce 'yar Yaya tana zama kusa da ke tana murza yumɓu, ana kora ta wai za ta ɓata kayan makaranta. Yaya, don Allah a bar ta, ni zan ɗinka mata wasu. Auta, in an wuce hidimar Sallah ka bi Inna da waya tun daga wurin haƙar yumɓu har tuya, ka ɗauka mini. Ka kuma ɗauki hoton zanen nan uku da take yi da tsinke a wuyan randa. Dattijuwar ta tambaye ni tambarin uwata, na yi mata alkawarin za ta gani.

A gaida Baba, a ce ina neman addu'a. A ajiye mini soyayyen nama a cikin ƙaramar tukunyar nan taki, akwai mai zuwa ƙarshen wata.

Ɗanki.