Ɗan kifin da George Streisinger ya yi haƙuri da shi

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na karanta wasiƙar wani ɗan'uwa da kuka buga, inda yake cewa ɓarnar kuɗi ce masana su zauna suna binciken ƙwari da ƙananan kifaye alhali cuta na cin jama'a. Na gane zafin da ke ransa, amma ban yarda da shi ba, don haka nake roƙon fili in kawo labarin George Streisinger.

A ƙasar Hungari aka haife shi a 1927, ya girma a Amurka, ya yi aiki a Jami'ar Oregon. Ya riga ya yi suna a binciken ƙwayoyin birus, sai ya karkata ga wani ɗan kifi da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, mai zane a jiki irin na jakin dawa, wanda ake kira zebrafish. Asalinsa ruwayen Indiya da Bangaladash ne, kuma a shagunan kifin ado ake sayar da shi da araha. Kusan shekara goma ya kwashe yana fama da tankunan ruwa ba wani sakamako da zai nuna wa duniya.

Abin da ya hango shi ne, macen kifin nan kan zuba ƙwai ɗaruruwa, a cikin ruwa tayin ke girma, kuma garau yake, ana ganin cikinsa. Ka ɗora ƙwan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da idonka za ka ga ƙwayar halitta ɗaya ta rabu biyu, ta koma huɗu, ta koma takwas. Washegari ka dawo, ga kai, ga ido, ga wutsiya, zuciya ta fara bugawa. Cikin kwana biyu zuwa uku ya ƙyanƙyashe. Ɓera ba zai ba ka wannan ba, domin nasa tayin a ɓoye yake cikin mahaifa. Ni dai duk lokacin da na kalli wannan ikon Allah, tsigar jikina sai ta tashi.

A 1981 mujallar Nature ta buga aikinsa, inda ya nuna yadda za a samar da kifaye masu ƙwayoyin gado iri ɗaya sak, abin da ya buɗe ƙofar binciken gado a jikin kifin. A 1984 ya rasu, bai ga amfanin gonar da ya share ba. Wasu suka ɗora. Christiane Nüsslein-Volhard a Tubingen ta Jamus, wadda ta samu kyautar Nobel a 1995 kan binciken ƙuda, da Wolfgang Driever a Boston, suka tace kifaye dubbai suna neman masu tawaya a halitta, don gano wace ƙwayar gado ce ke gina wace gaɓa. A 1996 mujallar Development ta ba su fitowa guda sukutum, maƙala 37.

To ina ruwan ɗan Adam? A 2013 an tabbatar cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadonmu suna da takwara a jikin kifin nan. A shekarar 2000, ɗakin binciken Leonard Zon a Boston ya bi diddigin wani kifi mai ƙarancin jini har ya gano furotin da ke fitar da sinadarin ƙarfe daga hanji zuwa jini, kuma irinsa ne a jikinmu. Wanda ya taɓa jinyar mai juna biyu da jininta ya yi ƙasa ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2002 kuma Kenneth Poss da abokan aikinsa suka nuna cewa in an yanke wani ɓangare na zuciyar kifin, cikin wata biyu sai ta sake tsirowa. Har yau masu binciken ciwon zuciya na bin wannan sawu.

Roƙona, Edita, ku tura wakilinku jami'o'inmu ya zauna da malaman da ke bincike kan ƙananan halittu, ya tambaye su abin da suke nema da abin da ke hana su ci gaba, a buga mana da Hausa.

Na gode.

Mai karanta ku kullum,
malamin kimiyyar halittu, daga Zariya