Wasiƙa daga Ohayo: tsofaffin injinan wanke-wanke

Kolombus, Jihar Ohayo, Amurka

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara da dukkan 'yan shago. Mu nan alhamdulillahi, sai sanyi da ya fara kankama. Saƙonka ya iso ni, na ga kuma tsiyar da ka yi mini, wai hoton da na turo maka na nuna cewa na zo Amurka ne don in zama ɗan gwangwan. To, bari in warware maka zancen, don abin ya fi ƙarfin saƙon waya.

Abin da ka gani a bayana a hoton nan injinan wanke kwanuka ne, kuma ba nawa ba ne. Na wani dattijo ne maƙwabcina, Bature, wanda ya yi ritaya daga aikin haɗa famfo. Tara su yake yi. Ya cika gareji da su har motarsa ta koma kwana a waje, wasu kuma suna ɗakin ƙarƙashin ƙasa an jona musu ruwa da wuta, kowanne yana aiki. Mafi ƙuruciya a cikinsu ya girmi babban ɗanka nesa ba kusa ba. Ya ga ina kwance wata fanka a ƙofar gida, ya tambaye ni inda na koya, na ce a shagon wani abokina a Kano nake zama ina kallo. Tun daga nan na zama ɗan miƙo sifana a ranakun da ba na aiki.

Yawancin abin da ya tara KitchenAid ne, amma na lokacin da kamfanin Hobart ke ƙera su. Hobart ɗin nan a garin Troy yake, nan cikin Ohayo, arewa da Dayton, kuma har yau yana yin manyan injinan wanke-wanke na otal-otal da gidajen abinci. A 1949 ya fitar da na gida, ya sa masa wancan suna. A 1986 kamfanin Whirlpool ya sayi KitchenAid, kuma masu tara irin waɗannan kaya sun mai da shekarar nan iyaka: abin da aka yi kafinta shi suke farauta. Dattijon nan idan ya ga tambarin Hobart a jikin ƙofar inji, sai ka ga fuskarsa ta washe.

Asalin abin ma wata mata ce, Josephine Cochrane, a garin Shelbyville na Jihar Ilinois. Rashin barori ba shi ne damuwarta ba, tangaran ɗinta na gado ne masu aiki ke ɓantare wa baki wajen wanki. Mijinta ya rasu a 1883 ya bar mata bashi, sai ta duƙufa, ta samu wani makaniki mai suna George Butters ya taya ta, ta auna faranti da kofuna ta yi wa kowanne gurbinsa da waya, aka riƙa feso musu ruwan sabulu mai zafi da ƙarfi. Kafin ita wasu sun gwada da buroshi da katako, bai yi armashi ba. A watan Disamba na 1886 ta samu takardar mallakar fasaha, a 1893 kuma ta baje injin a babban bikin baje koli na duniya a Shikago. Otal-otal ne suka saya, matan gida ba su saya ba, saboda tsada da kuma rashin wadataccen ruwan zafi a gidaje. Ta rasu a 1913, kamfaninta ya faɗa hannun Hobart a 1926. Ka ga ke nan silsilar ta haɗu.

Wanda muke kai yanzu samfurin Superba ne na shekarun 1970, kore irin launin fiya, wanda aka yi yayinsa a lokacin tare da ruwan ɗorawa da ruwan tagulla. A bakin titi aka tsince shi, masu gidan sun sabunta kicin sun fitar da shi ya jira motar shara. Mu biyu da ƙyar muka cicciɓa shi. Cikinsa ƙarfe ne da aka dalaye da farin fenti na gilashi aka gasa, irin na fanteka da langar da iyayenmu ke jere da su, kuma halinsu ɗaya: muddin bai ɓantare ba zai kai jikoki, in ya ɓantare tsatsa ta samu ƙofa. Shi ya sa abin da dattijon ke fara dubawa da tocila shi ne ƙasan tukunyar da bakin ƙofa. In ya huje, sai a kwashe kayan cikinsa a bar gangar jikin. Wannan bai huje ba.

Ciwonsa na tsufa ne, kuma kai da ka gani za ka gane. Moto yana tsaye a ƙasan tukunya, sandarsa ta ratso ciki tana juya famfon da ke cilla ruwa cikin wani hannu mai reshe huɗu, shi kuma yana wulwulawa yana feshi. Inda sandar ta ratsa akwai sil, zoben tangaran da na gawayi suna gugar juna, sifirin na danne su. In injin ya shekara ba a kunna shi ba, robar ta bushe, ruwa ya riƙa ɗiga kai tsaye kan boris na sama. Daga nan sai gurnani, daga gurnani sai tsayawa cik. Da muka zare moton, sandar ta yi ja wur, na sa yatsa na juya na ji tana ƙasƙas kamar da yashi a ciki. Boris ba wahala, ana samun daidai lambarsa. Sil ɗin ne jidali, domin an daina yinsa, sai dai ka dace da wanda ya kwana a tsohon shago cikin kwalinsa, ko ka sayi wani mataccen injin don shi kaɗai.

Abin da ya fi burge ni shi ne agogon da ke tafiyar da wankin. Babu kwamfuta ko ɗaya. Wani ɗan ƙaramin moto ne ke juya ganga mai faya-fayai masu tudu da kwari, kowane faifai yana ɗaga harshen tagulla ko ya sauke shi: wannan ya buɗe ruwa, wancan ya tada famfo, wani ya saki murfin sabulu, wani ya kunna hita. Kana iya buɗe shi ka bi da ido ka ga inda wanki yake da inda ɗauraya take. Harsunan da suka ƙone dattijon ya goge su da 'yar sanfefa, ya ɗan lanƙwasa ɗaya da filaya, shi ke nan. Ni a ganina nan ne darajar kayan take. Wanda ya ƙera su ya san wata rana wani zai zo da sukundireba, ya kuma bar masa hanya. Na zamani in allonsa ya ƙone sai a canza allon ɗungurungum, kuɗin allon da ladan mai gyara kuma sukan sa mai gida ya ce gara sabo. Abin da kake ci da iyali da shi kullum a Kano, a nan ya koma abin shaƙatawar tsofaffi.

Amma kada ka ce in sako maka ɗaya a kwantena, don na san halinka. Na farko, wutarsu 120 ce, tamu 230. Na biyu, ba su san tsimin ruwa ba. Tsohon inji yana iya shan galan 10 zuwa 15 a wanki guda, wato abin da zai kai jarka biyu ta 'yan ga-ruwa, alhali na yanzu masu tsimi ba su wuce galan uku da rabi ba, wajen rabin jarka. Kuma so yake ruwan ya zo masa ta famfo da ƙarfi, da zafinsa. Ga ƙara, in ya tashi ba ka jin rediyo. Ladansa dai shi ne sauri: ƙasa da awa guda ya gama, sabon kuwa yakan haura awa biyu yana jujjuya ɗan ruwan da ya ɗiba. Akwai kuma batun sabulu. A 2010 jihohi da dama, har da Ohayo, suka taƙaita sinadarin fosfet a sabulun injin saboda yana gurɓata tafkuna da koguna, kamfanoni suka cire shi. Tsofaffin injinan da wancan sabulun aka auna su, wankinsu gajere ne, sabon sabulu kuma yana son lokaci. Dattijon yana ta mita a kan haka, ni kuwa ina ganin gwamnati ta fi shi gaskiya, ko da yake ban faɗa masa ba.

Uwargidata ta kai masa tukunyar da ta tuƙa tuwo don ta ƙure shi. Ya zaɓi injin da ya fi ji da shi ya danna. Faranti sun fito ƙal har suna ƙona hannu, ƙanzo kuwa yana nan daram a gindin tukunya. Ya yi dariya ya ce abincinmu ya fi ƙarfin Hobart.

Yanzu ga ainihin abin da nake nema a wurinka. Akwai wani moto mai ƙarfin rabin doki da koyil ɗin tayarwarsa ya ƙone, ya daɗe a kan kanta. A nan masu naɗin ƙananan motoci irin wannan sun yi ƙaranci, wanda aka samu kuma kuɗin da ya yanka ya fi na injin gaba ɗaya. Na ce wa dattijon ina da mutumin da yake naɗa irinsa kafin azahar, bai yarda ba. Zan turo maka hoton farantin bayanan moton da na koyil ɗin ta kowane ɓangare. Ka faɗa mini yadda kake ƙirga zagayen in waya ta narke ta manne, da yadda zan gane kaurinta, da irin takarda da banish ɗin da kake sa wa. In da hali ka sa yaron shago ya ɗauke ka bidiyo kana naɗi, a hankali, don hannunka ya cika sauri.

Ka gaida Hajiya da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaida mutanen majalisa baki ɗaya.

Naka,
Amininka na Ohayo