Motar dizal ta ƙi mutuwa? A duba tiyo kafin a taɓa injekta

Assalamu alaikum Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in ba masu tsofaffin motocin dizal labarin abin da ya same ni, ko wani ya tsira da kuɗinsa.

Ina da Marsandi 240D ƙirar 1982 da na gada wajen mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Irin nan ce da ake kira W123, wadda Jamusawa suka ƙera daga 1976 zuwa 1986, mai silinda huɗu. Wata Juma'a na dawo daga masallaci, na faka a ƙofar gida, na murɗa makulli na zare shi na jefa aljihu, amma inji na ta kaɗawa abinsa kamar ba da shi ake ba. Kafin ka ce kwabo yaran unguwa sun kewaye ni, wata tsohuwa har tana cewa a nemo malami. Wani saurayi ya zo da sifana ya cire kan batir. Ko gezau.

Maƙwabcina, tsohon direban babbar mota, shi ya fito yana dariya ya ce, "Malam, ai ba wuta ke riƙe da ita ba." Ya leƙa cikin bonet, ya danna wani ɗan ƙarfe da ke gefen inji mai jan rubutu STOP, sai tsit. Shekara nawa ina wanke injin nan ban taɓa tambayar amfanin wannan ƙarfe ba.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, injin fetur da tartsatsin filogi yake aiki, kana yanke wuta ya mutu. Shi kuwa dizal matse iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Muddin mai da iska na shiga, tsohon injin dizal bai san da batir ba. Cire kan batir inji na aiki kuwa altaneta kawai zai iya ƙona maka, don haka a daina.

A wannan Marsandi, zuƙar iska ce ke kashe inji. Akwai famfo a gaban inji da ke zuƙe iska don birki ya yi laushi. Daga nan wani siririn tiyo ruwan ƙasa yake tafiya bayan makulli, wani kuma mai ratsin shuɗi ya dawo zuwa wani ɗan gwangwani da ke bayan famfon injekta. Idan ka kashe makulli, zuƙar ta isa gwangwanin, robar cikinsa ta ja sandar mai baya, mai ya yanke. To, wannan zuƙar ɗaya ce ke kulle ƙofofi ma. Ko'ina aka samu huji, ƙarfin ya ragu.

Ni ban san haka ba a lokacin, sai na kai ta wajen wani mai gyaran wayar wutar mota. Ya kwance bayan makulli, ya sa ni sayen wani, motar ta kwana biyu a wajensa, ta dawo yadda ta tafi. Wani kuma ya ce sai an sauke injekta gaba ɗaya an kai gwaji. Allah Ya taimake ni aljihuna ba nauyi a watan.

A ƙarshe na faɗa hannun wani dattijon bakanike da ya yi zamani da waɗannan motoci. Bai ɗauki sifana ba. Ya fara tambayata, "Alhaji, birki ya yi tauri?" Na ce a'a. Ya ce to famfo lafiya lau. "Ƙofofi fa, suna kulle kansu idan ta kwana?" Na ce rabonsu da haka an fi wata uku, kuma tun lokacin inji kan ɗan ja numfashi kafin ya mutu. Ya gyaɗa kai. Ya tayar da mota, ya zare tiyon gwangwanin, ya duba ko akwai baƙin mai a ciki, domin idan robar ta fashe mai kan biyo tiyo har bayan makulli. A bushe yake. Sai ya jona wani tiyo mai tsabta ya zuƙa da bakinsa kamar mai shan fura da tsinke, nan take inji ya mutu. Ke nan gwangwani ba shi da laifi. Ya cire tiyo mai ruwan ɗorawa da ke zuwa ƙofofi ya toshe bakin da ƙusa, ya ce in murɗa makulli. Ta mutu kamar sabuwa. Hujin yana wajen ƙofar direba, inda zafin rana da buɗe-rufe suka tsattsage roba. Kuɗin tiyon bai kai na kwanon shinkafa ba.

Ya ja min kunne a kan abu biyu. Idan gwangwanin ne ya lalace, kada a bar ɗan koyo ya ɗaura sabo, domin in ƙugiyarsa ba ta kama sandar mai daidai ba, inji zai iya tashi da cikakken totur ya ƙi sauka. Na biyu, akwai wata cutar daban wadda inji ke shan baƙin mansa, ya riƙa ƙugi yana tuttuɗo hayaƙi. A nan ko STOP ba ya aiki. Sai dai a toshe hanyar shigar iska da falankin katako, ba da tafin hannu ba, ko a taka birki a sa babbar giya a saki kuloci.

Masu tsofaffin Fijo ko Toyota na dizal, yawanci naku ɗan bawul ne mai aiki da wuta a jikin injekta. Ku zare wayarsa inji na aiki. Idan ya mutu, wuta ce ke satar hanya, aikin mai waya ne. Idan bai mutu ba, bawul ɗin ne ya maƙale.

Edita, da za ku riƙa gayyato irin waɗannan dattawan kanikawa shafinku na motoci ko sau ɗaya a wata, da mun amfana. Wanda ya gyara min tawa idonsa ya fara rauni, yaransa kuma duk sun koma motocin kwamfuta.

Naku,
Wani malamin makaranta mai ritaya, daga Gusau